Kowane Lokaci na Rayuwa da Tambayarsa

Bisharar Luka ta shaida mana cewa an haifi Ubangijinmu Yesu jariri, an goya shi, ya yi girma a hannun Maryamu da Yusufu a Nazarat. In Ɗan Allah ya yarda ya bi matakan girma ɗaya bayan ɗaya, ya wajaba mu san abin da kowane mataki yake bukata a gidajenmu.

Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam wanda aka haifa a Jamus a 1902, ya bayyana a 1950 cewa rayuwa tana da matakai 8, kowanne da tambayar da zuciya take neman amsarta. Amsar kuwa daga mutanen da suke kewaye da mu take fitowa.

Jariri yana tambaya ko zai iya amincewa da duniya. Idan ya yi kuka aka ɗauke shi, ya ji yunwa aka ba shi nono, ya sami amsa. Wannan ba sangarta ba ce. A bayan uwarsa yaro yake fara koyon dogara, wadda wata rana zai miƙa ga Allah.

Jean Piaget, mutumin Suwizalan, ya lura cewa sai wajen shekara 7 yaro yake fara auna abubuwa da hankali mai tsari. Ikkilisiya ma ta san haka, gama a 1910 Paparoma Piyus na 10 ya umarta a fara ba yara Jikin Kristi a kusan wannan shekara. Saboda haka ɗan shekara 3 da ya zubar da kunu ba mugu ba ne. In muka hau shi da bulala, tsoro muka koya masa.

Matashi yana tambaya, ni wane ne? Masana sun gano cewa gaban ƙwaƙwalwa, inda ake auna sakamakon aiki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa saurayi mai jikin manya yakan yi wauta irin ta yara. Sa'ad da Yesu yana shekara 12 ya tsaya a Haikali, iyayensa sun neme shi har kwana 3. Mu fa, kwana nawa muke neman namu? In muka rufe musu ƙofa, masu sayar da ƙwaya da masu ɗaukar 'yan banga za su ba su suna da wurin zama.

Magidanci da uwargida suna tambaya, me za mu bar wa na baya? Amsar tana cikin tarbiyyar 'ya'ya, da riƙon maraya, da koya wa wani sana'a.

Tsoho kuma yana waiwaye yana tambaya ko rayuwarsa ta yi amfani. Wanda aka bari shi kaɗai a ɗaki yakan fid da zuciya. Wanda jikoki suke zama wurinsa suna jin labarinsa yakan sami salama irin ta Saminu, wanda ya rungumi jariri Yesu a Haikali. Domin tsofaffinmu ne marigayi Paparoma Faransis ya keɓe Lahadi ta 4 ta watan Yuli tun daga 2021.

Kada wanda ya rasa ƙauna da ƙuruciya ya karai. Erikson ya koyar cewa girma ba ya tsayawa sai mutuwa, mu kuma mun gaskata alherin Allah yana ɗinke abin da ya yage. A wannan mako, bari kowane gida ya dubi wanda aka daɗe ba a saurare shi ba, a zauna da shi. Iyali Mai Tsarki na Nazarat, ku yi addu'a dominmu. Amin.