Zuciya Biyu a Gidan Kallo

Da yammacin Asabar, gidajen kallon ƙwallo na Azare, hedkwatar masarautar Katagum, sukan cika maƙil da matasa, har da 'ya'yan masu bi. Tun da caca ta shigo wayar hannu ta hanyar kamfanoni irin su Bet9ja, wanda ya fara aiki a 2013, wata ɗabi'a ta ɓullo. Za a ga saurayi sanye da rigar Arsenal, alhali ya zuba kuɗinsa a kan cewa Arsenal za ta sha kashi. Hujjarsa ita ce, in ƙungiyarsa ta ci ya yi murna, in an ci ta kuɗi su share masa hawaye. Wanda bai manta da ci 8 da 2 da Manchester United ta yi mata a 2011 ba yakan ɗauki wannan a matsayin hikima.

Kamfanin caca kuwa ya tsara lissafinsa ne domin riba ta zauna a wurinsa, sau da yawa kuma kuɗin makaranta ko na cefane ne ke salwanta. Amma hasarar zuciya ta fi ta aljihu. Minti 90 bakin saurayin yana yi wa ƙungiyarsa kirari, cikinsa yana fatan ta faɗi. Irin wannan mai zuciya biyu ne manzo Yakubu ya yi gargaɗi a kansa (Yakubu 1:8).

Wani zai ce ai ƙwallo wasa ne. Gaskiya ne, amma a wurin wasa hali yake kafuwa. Yaron da ya saba samun riba daga faɗuwar abin da yake ƙauna, ya koyi cewa aminci yana da farashi, kuma zai kai wannan darasi cikin aure, da abota, da ikkilisiya. Yahuza yana cikin almajirai lokacin da ya karɓi azurfa 30. Rut kuwa ta bi Na'omi zuwa Baitalami ba tare da ta tanadi wata mafita ba, Allah kuma ya sa ta cikin zuriyar da aka haifi Almasihu.

Saboda haka ya kamata iyaye su san inda kuɗin 'ya'yansu yake tafiya, su tambaye su cikin ƙauna tun abin bai zama jaraba ba. Shugabannin matasa su koyar cewa mai bi yana iya jure baƙin cikin rashin nasara ba tare da an biya shi ba, gama ta'aziyyarsa tana wurin Ubangiji. Allah ya ba matasan ikkilisiya zuciya ɗaya. Amin.