Sa'a, Sababi da Ƙaddara a Kakar Besbol

Kakar wasan besbol a babbar gasar Amurka, MLB, doguwa ce ƙwarai. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. A tsakiyar Yuli ake ɗan tsagaitawa don wasan zaɓaɓɓun gwanaye, kuma a lokacin ne kowa ke duba teburi yana lissafi: ƙungiyar nan za ta kai wasannin fidda gwani na Oktoba, ko shekarar ta riga ta kuɓuce mata? Shafuka irin su FanGraphs kan amsa da adadi. Sai su sa kwamfuta ta buga ragowar wasannin sau dubbai, su ce wance tana da kashi kaza cikin ɗari. Tambayar da ke kwance a ƙarƙashin wannan adadi ta girmi wasan nesa ba kusa ba: abin da bai auku ba tukuna, ƙofarsa a buɗe take ko an gama rubuta shi? In kuma ya auku, wa ya cancanci yabo, wa ya cancanci zargi?

Ƙungiyar Washington Nationals ta 2019 ta isa misali. Zuwa ranar 23 ga Mayu ta ci wasa 19, an cinye ta 31. Babban ɗan wasanta Bryce Harper ya koma Philadelphia tun kafin a fara kaka, Trea Turner ya karya yatsa a farkon Afrilu, masu jifan da ake sakowa a ƙarshen wasa kuwa suna cikin mafiya rauni a gasar. Jama'a na ta kiran a kori koci Dave Martinez. Daga ranar zuwa ƙarshen kaka ƙungiyar ta ci 74, ta faɗi 38, ta kammala da 93 da 69, ta shiga Oktoba ta ƙaramar ƙofa. Ranar 30 ga Oktoba ta doke Houston Astros, wadda ta ci wasa 107 a kakar, ta ɗauki kofin World Series na farko a tarihinta. Sau biyar a wannan wata ta buga wasan da in ta faɗi an fitar da ita, kuma a duka biyar ɗin sai da aka fara shiga gabanta.

Masu cewa wannan ya ƙaryata lissafin da kwamfuta ta yi wa ƙungiyar a Mayu sun yi gaggawa. Masanin lissafi na Faransa Pierre-Simon Laplace ya bayyana a 1814 cewa ƙiyasin yiwuwa yana auna iyakar sanin mai ƙiyasin ne. A ganinsa, da akwai hankalin da ya san matsayin kowane abu da ƙarfin da ke motsa shi, da gobe ta bayyana gare shi kamar jiya. Adadin da kwamfuta ta fitar a Mayu bayani ne a kan ƙungiyoyi masu irin wannan hali: kaɗan daga cikinsu ne ke farfaɗowa. Bai faɗi wace ce a cikinsu ba, kuma ba zai iya ba. Tun kafin Laplace, Aristotal ya kawo misalin mutumin da ya je kasuwa don wata buƙata ya ci karo da wanda yake bi bashi, ya karɓi kuɗinsa. Zuwan kowannensu yana da dalili. Haɗuwar ce babu wanda ya nufe ta, ita ce kuma ake kira sa'a.

Malaman tauhidi na Musulunci sun tattauna wannan ta wata fuskar. Jabariyya, da ake dangantawa da Jahm bin Safwan, sun ce ɗan Adam ba shi da zaɓi na haƙiƙa. Mu'utazilawa sun ce bawa shi ke samar da ayyukansa, don kada hisabi ya zama zalunci. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a Bagadaza wajen shekarar 936, ya bi tsakiya: Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma yana ɗaukar nauyinsa ta hanyar nufi da zaɓi. Abin lura a nan shi ne cewa ƙaddara ɓoyayya ce ga bawa har sai ta sauka. Saboda haka mai imani da ita da mai lissafin yiwuwa ba sa jayayya a kan abu ɗaya. Ɗaya yana magana a kan abin da ke cikin ilimin Allah, ɗayan a kan abin da mutum zai iya hanga daga inda yake tsaye. An ruwaito cewa lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko guje wa ƙaddara yake yi. Umar ya ba shi misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddara ya kai su. Wasa bai kai annoba nauyi ba ko kusa, amma siffar shawarar iri ɗaya ce.

A besbol ranar wannan shawara sananniya ce, domin wajen ƙarshen Yuli ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa. Shugabannin ƙungiya dole su zaɓa: su ba da matasan da suke reno don su samo gogaggu su yi ƙoƙarin bana, ko su sayar da gogaggun su jira baɗi. Zama ba tare da yin komai ba ma zaɓi ne. Ranar 31 ga Yulin 2019 Nationals ta ɗauko masu jifa uku, cikinsu har da Daniel Hudson daga Toronto, wanda ba a yi wani ɗoki a kansa ba. Shi ne ya yi jifan ƙarshe da ya rufe World Series. Sauran biyun, Roenis Elías da Hunter Strickland, ba su tsinana abin a zo a gani ba. Rana ɗaya, mutane ɗaya, tunani ɗaya, sakamako daban.

Inda lamarin ya fi tsauri shi ne wajen hukunta mutane. Ranar 1 ga Oktoba, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Milwaukee Brewers, Nationals tana baya da 3 da 1 a zagaye na takwas cikin tara. Juan Soto na Nationals ya buga ƙwallo zuwa gefen dama na fili, bugun da a ƙa'ida zai kawo maki biyu a yi kunnen doki. Ƙwallon ta dira, ta yi wani tsalle a karkace, ta wuce ta ƙarƙashin safar hannun Trent Grisham na Brewers, mutum na uku ya ruga ya ƙara maki, aka tashi 4 da 3. Grisham sabon shiga ne a shekarar, kuma yana tsaye a wurin ne domin gwarzon ƙungiyar, Christian Yelich, ya karye a gwiwa a Satumba. A wasa na bakwai na World Series da Houston kuma, bugun Howie Kendrick na Nationals da ya juya wasan ya daki dogon sandan da ke nuna iyakar fili. Da ya kauce taƙi ɗaya zuwa dama, da bai ƙirgu ba. Masana falsafa Bernard Williams da Thomas Nagel sun yi rubutu a 1976 a kan yadda mutane ke yaba wa mutum ko su zarge shi bisa abin da ba ya hannunsa. Nagel ya yi misali da direba mai sakaci: in yaro ya faɗo gabansa ya zama mai kisa, in bai faɗo ba ya isa gida lafiya, alhali sakacin bai canza ba. Martinez na Mayu da na Oktoba mutum ɗaya ne, da dabaru kusan iri ɗaya. A shari'ar Musulunci alƙalin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa yana da lada ko ya dace ko ya kuskure, sai dai na wanda ya dace ya fi. Wannan ma'auni ya fi na 'yan kallo adalci, don ya raba ƙoƙari da dacewa ba tare da ya ce dacewar ba ta da daraja ba.

Tsarin wasan kansa yana faɗaɗa rabon sa'a. A 2019 ƙungiya mafi ƙarfi, Houston Astros, ta faɗi wasa 55, mafi rauni, Detroit Tigers, ta ci 47. Wasanni 162 suna tace ƙwarewa sannu a hankali, amma jerin wasa biyar ko bakwai ba ya iya wannan. Ko da ƙungiya tana da damar cin kowane wasa kashi 60 cikin ɗari, lissafi ya nuna za a fitar da ita a jerin wasa bakwai kusan sau uku cikin goma. Seattle Mariners ta ci wasa 116 a 2001 ba ta ko kai World Series ba, St. Louis Cardinals ta ci 83 kacal a 2006 ta ɗauki kofi.

Masu gasar sun san da haka, kuma da gangan suka ƙara buɗe ƙofa: daga 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga Oktoba maimakon 10. A shekarar farko ta sabon tsarin San Diego Padres mai nasara 89 ta fitar da Los Angeles Dodgers mai 111, a 2023 kuma Arizona Diamondbacks ta kai wasan ƙarshe da nasara 84. Sakamakon haka, ƙungiyoyin da ke tsakiyar teburi a Yuli suna da ƙarin dalilin ƙin sallamawa, kuma kofin da ake ɗagawa a ƙarshen kaka ya rage zama shaida a kan wace ƙungiya ce ta fi iya wasa a shekarar.