Ilimin Muhalli a Ma'aunin Farilla

  

Ka sani ya kai ɗalibi, a Amurka tun 1998 hukumar College Board take shirya jarrabawar kimiyyar muhalli ga 'yan babbar sakandare, jami'o'i da dama kuma suna lissafa ta a matsayin darasin shekarar farko. Ana karanta zagayen ruwa, da halittar ƙasar noma, da yawan jama'a, da makamashi, da gurɓacewar iska. Wasu na ganin wannan karatu ƙawa ce ta ƙasashen da suka ƙoshi. Ni kuwa ina ganinsa cikin farillan kifaya, irin waɗanda Imam Gazali ya lissafa likitanci da hisabi a cikinsu a littafinsa Ihya'u: idan gari ya rasa mai saninsu, laifin ya hau kowa.

Hujjata tana Zamfara. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa, har aka binne fiye da 400. Likitocin Médecins Sans Frontières suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya ne suke kawo dutsen zinariya mai ɗauke da dalma cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro yake rarrafe yana kai hannu baka. Ƙurar nan ba ta da warin da zai sa uwa ta yi hattara. Jikin yaro kuma ya fi na babba tsotse dalma, ita kuwa ƙwaƙwalwa take ci.

Nan ne darasin yake da zurfi. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma idan aka mayar da yaron gidan da ƙasarsa ta gurɓace, an yi aikin banza. Don haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa. A ƙauyen Bagega wannan aiki bai fara ba sai 2013, yara suna jira, domin kuɗin aikin ya makara. Auna ƙasa, da karanta sakamakon, da bin hanyar guba daga dutse zuwa jini, su ne ainihin abin da ake koya wa ɗan shekara 17 a ajin kimiyyar muhalli.