Injin mai faci da iyakar "haka Allah ya so"

Motocin da ke tasowa daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi kan ratsa Kasuwar Daji, inda ba a rasa mai faci a bakin titi da injinsa na ba da iska. Tayar ƙaramar mota na shan iska 30 zuwa 35 a geji, ta babbar mota kan haura 100. Ƙananan abubuwa ne ke tsare wannan ƙarfi: zoben roba, gaskit, da ringin fistin.

Iska idan aka matse ta zafi take yi. Zafin nan da ƙurar hunturu su ke busar da roba har ta tsage. Kuma inji ba ya ɓoye ciwonsa: zai daɗe yana ruri tanki bai cika ba, a ji tsiit a mahaɗa, in an shafa ruwan sabulu kumfa ta taso. Gyaran sananne ne. A kashe inji, a sauke iskar ƙaf, a goge mazaunin robar, a sa sabuwa daidai girmanta. Wani kuwa sai ya yanko tsohon tub ya cusa, ko ya ɗaure bawul ɗin da ke rage iska in ta yi yawa, wai yana masa ɓarna.

Ranar da tanki ya fashe ya raunata yaron shago, sai a ce haka Allah ya so. Gaskiya ne, babu Musulmin da zai musa. Amma shin wannan magana ta wanke mai injin?

Malaman zaure ba su tafi a kan haka ba. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da suka salwanta a hannunsu. Malaman da suka fi kowa imani da ƙaddara su ne suka yi wannan hukunci, ba su ga karo tsakanin biyun ba. Ƙaddara sirrin Allah ce, ba a saninta sai ta auku, amma mai injin ya ji ƙarar yoyon da kunnensa tun kafin ranar.

Ba a bakin titi kaɗai ake jin gargaɗi a ƙi kulawa ba. A 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse da mutum 7 a ciki, saboda sanyi ya sandarar da zoben roba. Injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren da ya gabaci tashinsa, aka ƙi saurare.

Dole a yi wa mai facin Zamfara adalci. Rashin tsaro ya sa zuwa Gusau neman kayan gyara ya zama kasada, ribar faci kuma ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya nema ya rasa yana da uzuri. Sai dai uzurin bai kai ga ɗaure bawul ba, bai kuma kai ga barin ruwan da ke taruwa a gindin tanki yana cin ƙarfe da tsatsa ta ciki ba. Tsiyaye shi ba ya cin ko kwabo, ƙusa ɗaya ce ake kwancewa da yamma kafin a rufe shago.