Ta Saba

Ina 'yar shekara biyu da 'yan watanni aka kai ni yaye wurin Gwaggo, yayar mahaifina, a Zariya, kuma daga yayen nan ban koma gidanmu da zama ba. Allah bai ba Gwaggo haihuwa ba, mahaifiyata kuwa tana da wani cikin. Ban tuna komai game da ranar ba, labari aka ba ni: kwana uku ina kuka, a na huɗu na yi shiru na karɓi koko, sai matan gidan suka ce, "Alhamdu lillahi, ta saba." Na tashi ina jin labarin nan a bakin manya ana dariya, ni ma ina taya su. Sai a shekarata ta ƙarshe a jami'a kalmar ta fara yi mini nauyi, kuma labarin wasu yara na wata ƙasa mai nisa ne ya jawo haka.

Daga 1992 zuwa 2024, lokacin da ƙasar Sin ta rufe wannan ƙofa, an fitar da yara fiye da 160,000 zuwa hannun iyayen riƙo a ƙasashen waje, kusan rabinsu zuwa Amurka. Tafiyar ɗauko yaro takan ci kamar mako biyu. Mata da miji za su sauka a babban birnin lardin da gidan marayun yake, a shigar da su wani ofishin gwamnati, ma'aikaciya ta shigo riƙe da yarinya ta miƙa musu. Akan ba su kwana ɗaya su zauna da ita kafin su sa hannu. Daga nan Amurkawa su wuce Guangzhou neman biza, inda shekaru da dama suka riƙa sauka a otal ɗin White Swan, suna jera yaran a kan wata jar kujera ana ɗaukar hoto.

Wannan kwana ɗayan ne ya tsaya mini a rai. An ware shi don manya su tabbata sun yarda. Yarinyar fa? Su sun yi watanni suna kallon hotonta, sun raɗa mata suna, sun gyara mata ɗaki. Ita ba ta taɓa ganinsu ba. Ƙamshin jikinsu baƙo ne, harshensu baƙo, abincin da suke tura mata a baki baƙo. Mai renon da ta sani ta juya ta fita. Ranar da iyayen za su riƙa tunawa kamar ranar salla, a wurin yarinyar ranar rashi ce, kuma waɗanda suke rarrashinta su ne suka ɗauke ta.

John Bowlby da James Robertson, waɗanda suka yi nazarin ƙananan yaran da aka raba da iyayensu a asibitocin Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, sun lura da mataki uku. Da farko yaro yana kuka yana fizge-fizge. Sannan ya yanke ƙauna, ya yi lakwas. Daga baya ya riƙa karɓar kowa ba tare da ya riƙe kowa a zuciya ba. Ma'aikatan jinya sukan ɗauka shirun nan alamar kwanciyar hankali ce. Ranar da na karanta wannan na rufe littafin na daɗe zaune, ina lissafin kwanakin nan nawa guda huɗu.

Da a nan maganar ta tsaya, da hukunci ya yi sauƙi: a bar yaro inda ya saba. Amma a Romaniya, daga shekarar 2000, masu bincike sun bi rayuwar yara 136 na gidajen marayun Bukares, aka yi ƙuri'a aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda suka samu gida sun fi waɗanda aka bari ƙarfin shaƙuwa da kaifin fahimta, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu. Yarinyar da ke kuka a ɗakin otal tana iya kasancewa an cece ta daga ɗakin da yara suka daina kuka don sun gane ba mai zuwa. Ke nan abu guda yana iya zama ceto kuma ya zama rauni, kuma ban ga dalilin da zai sa a ɓoye ɗayan don a yabi ɗayan ba.

Wani zai ce ai ba wanda aka tambaya gidan da yake so a haife shi. Gaskiya ne. Sai dai haihuwa ba ta tsinke wata igiya da ta riga ta ƙullu, riƙo kuwa da tsinkewa yake farawa, kuma mai tsinkewa shi ke da bayanin yi.

Bayani na farko shi ne gaskiyar takarda. A watan Oktoban 2007 aka kama wasu Faransawa a Abeche, gabashin Chadi, suna shirin fita da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne. Bincike ya nuna akasarinsu suna da iyaye ko dangi a raye. A Faransa akwai iyalai da ke jiransu da zuciya ɗaya. Habasha ta haramta ba baƙi riƙon yara a 2018, kuma a 2025 wani kwamitin gwamnatin Koriya ta Kudu ya tabbatar da cewa an yi ta ƙirƙirar takardun maraici ga yaran da ke da iyaye. Ba na shakkar hawayen matar da ta rungumi yarinya a ofis. Amma ƙaunarta, komai tsarkinta, ba ta wanke ƙaryar da wani ya rubuta a fayil.

A nan zuciya takan so ta yi alfahari da namu tsarin. Ɗan riƙo a wurinmu yana riƙe da sunan ubansa, kamar yadda Musulunci ya tabbatar tun kan Zaidu ɗan Harisa, kuma ya san ƙofar gidansu. Ni duk salla ana kai ni wurin mahaifiyata. To amma na san 'yan riƙon da suka ƙare a kan tiren talla da tulin wanke-wanke, alhali 'ya'yan gida suna makaranta. Muna cewa ɗa na kowa ne, wani lokaci kuma maganar takan koma ba na kowa ba. Ni ɗin ma da na dace, ba a tambaye ni ba.

Bayani na biyu a cikin kwanakin nan na farko ake yin sa, kuma shi ya fi wuya. Masu ba iyayen riƙo shawara sukan ce kada a yi gaggawar cire wa yaro kayan da ya zo da su, a ci gaba da kiransa da sunan da ya sani, a ba shi irin abincin da ya saba, kuma in ya ƙi ɗaya daga cikin iyayen kada a tilasta masa. A ganina duk wannan abu ɗaya yake nema: mace ta goyi yarinyar da ke kiran wata, ta yi ta jijjiga ta har asuba, ba ta ji haushi ba, ba ta kuma ce mata ta yi shiru ba. Takarda takan ba mutum ikon ɗaukar yaro a rana guda. Sunan uwa kuwa yaron ne kaɗai ke bayar da shi, a lokacin da ya ga dama, kuma yana da damar ya jinkirta.

Da na je hutu na tambayi Gwaggo, tana tankaɗen gari a tsakar gida.

"Gwaggo, da gaske a kwana huɗu na saba?"

Ta ɗago ta dube ni. "Wa ya gaya miki? Mutanen gida ne suka faɗa. Ni da nake kwana da ke na san ba haka ba ne. Kin fi wata biyu kina tashi cikin dare kina lalube."

"To me kike yi?"

"Zanen uwarki da aka goyo ki da shi, shi nake shimfiɗa miki. Ban wanke shi ba sai da kika daina nemansa."

Na ce yaushe na fara kiran ta Inna, don a ƙuruciya haka nake ce mata. Ta ce ita ba ta taɓa sa ni ba, ranar nan dai na faɗi a bakin rijiya, na taso da gudu ina faɗa. Ta mayar da kanta kan rariya, ta ce in miƙo mata kwanon can.