Sunan Uba ko Sunan Miji: Mas'alar Sauya Suna Bayan Aure

Al'adar mace ta ajiye sunan gidansu ta ɗauki na mijinta ta yi ƙarfi ne a Ingila, inda tsohuwar dokar ƙasar ta ɗauki miji da mata a matsayin mutum ɗaya, mijin kuma shi ne mutumin, kamar yadda masanin shari'a William Blackstone ya bayyana a 1765. Matar aure ba ta sami cikakken ikon mallakar dukiya a can ba sai a 1882, amma sunan ya ci gaba bayan dalilinsa ya gushe, har ya biyo mulkin mallaka da takardun ofis zuwa Najeriya, inda mai son sauyin ke yin rantsuwa a kotu, ta buga sanarwa a jarida, sannan ta bi banki da hukumar katin ɗan ƙasa a gyara mata.

A Musulunci mas'alar ta rataya ne a kan nasaba, wato dangantakar jini da ke haɗa mutum da mahaifinsa, wadda gādo da waliccin aure da sanin muharrami suka dogara da ita. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu, shi ya sa aka daina kiran ɗan riƙon Annabi (SAW) Zaidu ɗan Muhammadu aka koma Zaidu ɗan Harisa. Malaman da suka hana sauyin suna ƙarawa da cewa matan Annabi (SAW), duk da babu mijin da ya kai nasu daraja, ba wadda ta bar sunan mahaifinta, hatta Safiyya 'yar Huyayyu, wadda ubanta ya mutu yana gaba da Musulunci. Darul Ifta, hukumar fatawa ta Masar, ta sassauta, bisa hujjar cewa inda jama'a suka san sunan na iyali ne, to ta'arifi ne kawai, wato alamar gane mutum, kuma Alƙur'ani kansa ya ambaci matar Nuhu da matar Fir'auna ta hanyar mazajensu.

Wannan sassauci yana da ƙarfi a ƙasar da sunan ƙarshe yake na zuri'a, amma da wuya ya zauna daidai a ƙasar Hausa, domin Bahaushe bai gāji sunan zuri'a irin na Turawa ba. Abin da ke biyo bayan sunan yanka ko dai sunan mahaifi ne, ko na gari, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari, ko na sana'a da sarauta. Saboda haka idan Hadiza ta auri Musa ta koma Hadiza Musa, duk wanda ya ga takardarta zai ɗauka 'yar Musa ce, ga shi kuwa wannan ruɗanin ne ayar ta zo kawarwa. Abin mamaki ma, matar da kunya ke hana ta furta sunan mijinta, sai dai ta ce Malam ko maigida, ita ce za ta riƙa rubuta shi a kowace takarda. Nana Asma'u ta yi zaman aure da Waziri Giɗaɗo shekaru masu yawa, tarihi kuwa da sunan mahaifinta ya san ta, wato 'yar Shehu ɗan Fodiyo.

Akwai kuma bambancin da ke tsakanin alaƙa biyun, domin aure ƙulli ne da saki ko mutuwa ke iya warwarewa, nasaba kuwa ba ta warwaruwa. Bazawarar da takardun makarantarta ke ɗauke da suna ɗaya, na aikinta da wani, ita ce ke komawa kotu ta sake rantsuwa, alhali tsohon mijin bai taɓa ko harafi ɗaya na sunansa ba.