Ko Ya Kamata A Yi Dariyar Cin Amanar Aure?

A shekara ta 1937 aka buɗe gidan majigi na Rex a bayan ganuwar Kano, a 1952 kuwa aka buɗe Palace cikin birni, kusa da Kasuwar Kurmi. Tun daga lokacin nan mutanenmu suka saba da kallon zaman auren waɗansu a jikin bango. Bari mu auna wasa guda irin na majigi, mu ga abin da yake koya wa zuciya.

A 1924, sa'ad da hotunan majigi ba su magana tukuna, Ernst Lubitsch ya shirya wasan ban dariya a Amurka, sunansa The Marriage Circle. Wata mace a birnin Biyenna ta ɗora ido a kan wani likita, mijin aminiyarta. Nata mijin kuwa ya gaji da ita, ya sa a bi sawunta domin ya sami hujjar saki. Matar likita tana zargin wata dabam, har ran walima ita da kanta ta zaunar da mijinta kusa da aminiyar. Nan ne wurin dariya.

Dariya ba laifi ba ce. Amma ka tambayi kanka, wa kake yi wa ita? Ashe, ba wadda ta ba da amana ba? Kadan ka saba ganin mai aminci tamkar wawa, mai yaudara kuma tamkar gwani, ran da jaraba ta yi maka sallama za ta iske ƙofa a buɗe.

Ka tuna da Sarki Dauda, wanda ya ɗauke matar Uriya. Annabi Natan ma labari ya ba shi, na mawadaci da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Amma labarin nan ya tsayar da Dauda a gefen wanda aka zalunta, har ya ga laifinsa, ya tuba.

Domin wannan, kowane labari ka ji, ko a majigi ko a zauren hira, ka duba gefen wa ya tsayar da kai. Kadan abin dariyar nan gidanka ya shiga, kai da iyalinka ne za ku kwana da kuka. Ka riƙe amanar matarka, ka girmama ta maƙwabcinka. Allah ya taimake ka.